Manyan Baƙaƙen Iya Agba

Shekara talatin da biyar Muraina Akinbowale ya yi yana buga tafireta a sakatariyar gwamnati ta Badun, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo masa da takarda saboda kuskure ba. Da wannan yake tinƙaho. Yana da abin tinƙaho na biyu wanda ya fi na farko ban mamaki: yakan ce zai iya buga wasiƙa mai shafi huɗu, ya kai aya ta ƙarshe, bai san abin da ke cikinta ba. Haka tsohon akawun da ya koya masa aiki ya hore shi tun yana saurayi, cewa takardar gwamnati asiri ce, mai tafireta kuwa ido ne da yatsu, ba shi da kunne, ba shi da zuciya. Muraina ya riƙe wannan karatu fiye da yadda ya riƙe Fatiha. Har takardar da aka ɗauke shi da ita daga ma'aikatar ilimi zuwa ta gandun daji, shi ya buga ta da hannunsa, bai sani ba sai da masinja ya miƙo masa ita cikin ambulan.

Malaman balaga sun ce lafazi jiki ne, ma'ana kuwa ruhi. Muraina ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa jiki kwalliya, bai taɓa tara kunne ya ji ko da numfashi a ciki ba.

Da ya ajiye aiki sai ya koma ɗakin mahaifinsa a gidan Alawo da ke unguwar Oje, gida mai ƙofa tara da tsatsar kwano a kai, wanda zuriyarsa ta haura mutum ɗari biyu, wasu a Ikko, wasu a Fatakwal, wasu a Landan da Kanada. Da aka buɗe wa dangi zaure a WhatsApp, aka duba wanda yake da Turanci kuma ba shi da aikin yi, sai aka damƙa masa kula da zauren. Ranar nan ya yi wanka sau biyu. Kafin mako ya zagayo ya kafa dokoki goma sha ɗaya, ya sa hannu a ƙasa da sunansa, tare da haruffa bakwai na takardun shaidar buga tafireta, waɗanda ba wanda ya san fassararsu sai shi da Ubangijinsa.

Doka ta farko ta ce da Turanci za a yi rubutu, domin jikokin da aka haifa a waje. Ta biyu ta haramta saƙon murya, wai na malalata ne. Ta uku ta shafi gajerun kalmomin nan da Turawa ke yi da harafin farkon kowace kalma: lalle a rubuta su da manyan baƙaƙe, domin a wurinsa babban baƙi rawani ne, ba a naɗa wa kowa sai mai muƙami. Daga nan ta huɗu ta fito, wadda ya fi ƙauna: duk wanda ya rubuta saƙo gaba ɗaya da manyan baƙaƙe ya yi wa jama'a ihu, kuma wanda ya yi ihu sau uku za a fitar da shi. Mu da muka tashi a kan rubutun da haruffansa suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, babu babba babu ƙarami, mukan yi mamakin mutumin da zai ɓata da ɗan'uwansa a kan tsawon harafi. An hore mu da sassauta murya, gaskiya ne, har aka buga mana misali da dabbar da kowa ya sani. Amma ba a ce mu tafi neman ihu inda babu sauti ba.

Dangi suka yi ta haƙuri da shi yadda ake haƙuri da ɗigar ɗaki. Wadda ta sanar da haihuwa sai ya gyara mata waƙafi kafin ya ce barka. Ranar da Allah ya karɓi ran Baba Gbadamosi, Mogajin gidan, wata jikarsa Rafatu mai aikin jinya a Landan ta rubuto “rip baba” tana kuka. Ba a riga an ɗora ruwan wankan gawa ba Muraina ya amsa mata cewa haruffan nan uku manya ake rubuta su, ta gyara. Bayan minti goma ya tuna, ya ƙara da ta'aziyya.

Rasuwar nan ce ta tayar masa da buri. Kujerar Mogaji ta zama babu kowa, kuma bayan sadakar arba'in dangi za su taru su zaɓi wanda zai riƙe gidan, ya raba gardamar fili, ya sasanta aure, ya tsaya da sunansu a fada. Muraina ne babba a maza, shekararsa sittin da bakwai. Mai bi masa shi ne Sikiru, ɗan ƙanen mahaifinsa, mai sayar da katako a Bodija, wanda ba ya iya rubuta layi biyu sai ya yi gumi, kuma Muraina ya riga ya yi masa gargaɗi sau biyu a zaure. Saboda haka bai ɗauke shi abokin takara ba. Ya kai ɗinkin babbar riga, ya zana yadda sunansa zai zauna a saman takarda da sabon muƙami, ya gwada shi da jan layi a ƙasa, ya gwada babu.

Al'adar gidan Alawo kuwa ita ce, 'yar gida mafi tsufa ita take fara ambaton suna, kuma tun da aka kafa gidan ba a taɓa tayar da maganarta ba. A lokacin nan Alhaja Nimota ce, wadda kowa ke kira Iya Agba, wato babbar uwa, mai shekara tamanin da tara, tsohuwar 'yar kasuwar atamfa a Gbagi. Gwaggon Muraina ce, kuma ta fi gwaggo: mahaifiyarsa ta rasu yana da kwana tara, ita ta haɗa shi da ɗanta Wahabi ta shayar da su tare har yaye. Haƙƙin shayarwa kuwa shari'a ta ɗaga shi har ya kai darajar jini. Tsakanin ƙofarsa da tata taki arba'in ne. Wata uku ke nan bai taka su ba, domin a ganinsa gaisuwar Juma'ar da yake sakawa a zaure, mai tsabtar rubutu, ta wadatar da kowa, har da wadda ba ta cikin zauren.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu a yi taro, yana zaune da hantsi gaban agidi da ƙosai, sai waya ta yi ƙara sau uku a jere. Ya gyara tabarau. Lamba ce da bai sani ba, babu suna, babu hoto, ga saƙo uku ɗaya bisa ɗaya, kowanne da manyan baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe, babu ko aya. Idon shekara talatin da biyar ya yi aikinsa: ya ga tsawon haruffa, ya ƙirga laifi uku, ya tsaya a nan. Ya goge saƙonnin daga idon kowa. Sa'an nan ya share man ƙosai daga yatsunsa, ya rubuta da Turancin da babu inda za a sa masa jan biro: “Mai wannan lamba, ko wane ne kai, nan ba tashar mota ba ce. Wanda ba a koya wa ladabi a gidansu ba, ba za mu koya masa a nan ba. Duba doka ta huɗu.” Ya bari na minti biyu don mai laifi ya gani, ya fitar da lambar, ya ci gaba da karin kumallonsa.

Zaure ya yi tsit. Ko masu turo addu'ar safiya ba su motsa ba. Muraina ya ɗauki wannan shiru a matsayin kwarjini, ya ce a ransa ga yadda gida zai zauna in ya hau kujera.

Da azahar matarsa Mulikatu, wadda ake kira Iya Tawa, ta dawo daga kasuwa tun lokacin tashi bai yi ba. Ta ajiye kwando, ta tsaya a kansa.

“Baba Tawa, kun ci abinci?”

“Na ci.”

“Madalla. Gara da kuka ci, don ban ga abin da zai sake wucewa ta maƙogwaron nan yau ba. Kun karanta abin da kuka goge da safe?”

“Ba na karanta ihu.”

“To, mutum tamanin da huɗu sun karanta kafin ku goge. Har mai sayar mini da tattasai an tura mata hotonsa, ita da ba 'yar gidan nan ba. Ni ma a bakinta na fara ji.”

“Wani ɗan iska ne ya shigo ba sallama.”

“Ɗan iskan nan Dakta Wahabi ne ya sa shi jiya daga Kanada, tun da shi ma kun ba shi ikon sa mutane. Sabuwar waya ya aiko wa uwarsa. Ungo, ku karanta. A hankali, kamar mutum.”

Ta miƙa masa wayarta. Saƙon farko yana cewa: NI CE NIMOTA UWARKU. Na biyu: NA TSUFA BAN SANI BA KO ZAN IYA DOGUWAR MAGANA RANAR ASABAR. Na uku: MURAINA ƊANA NE NI NA BA SHI NONO SHI NA ZAƁA KU RIƘE SHI.

Abin da ya fara fita daga bakinsa, Allah shi ne shaida, shi ne: “Ba ta sa aya ba.”

Iya Tawa ta karɓe wayarta. “Ai ku kun sa mata. Tun bayan sallar asuba take fama da yatsa ɗaya, da yanar idon nan, ba ta ganin ƙananan baƙaƙe sam. An ce mata kun hana saƙon murya, ta ce dokar ɗanta ce, za ta bi. An ce sai da Turanci, ta tono Turancin Gbagi na shekara hamsin. Doka biyu ta bi muku, ta huɗun nan ce ido ya hana. Shekara arba'in ina aure da tafireta, yau dai ta buga wa kanta takardar sallama.”

Bai tsaya neman hula ba. Taki arba'in ɗin nan ya yi su kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Ya tarar da Iya Agba a kan tabarma a bakin ƙofarta tana ɓarar agushi cikin faranti, sabuwar wayar tana kife a gefe. Ya zube rub da ciki, ƙirji a ƙasa, kamar yadda ɗa yake yi.

“Wane ne?”

“Ni ne, Maami. Muraina.”

“Sassauta murya. Nan ba tashar mota ba ce.”

Ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ashe da amsarsa ta iso, ba ta iya karanta ta ba saboda ƙanƙantar rubutu, sai ta yi zaton godiya ce. Ta adana ta har Sikiru ya biyo gaishe ta, kamar yadda yake yi kullum kafin ya wuce Bodija, ta ce ya karanta mata abin da ɗanta ya rubuto. Sikiru ya duba, ya ce yayansa yana gaisuwa ne, yana kuma yi mata addu'a. Ta ce addu'a ba ta sa mai karatu in'ina, ya karanta yadda take. Ya karanta.

“Maami, ban san ku ba ne. Lambar ba ta da suna.”

“Sunana ne layin farko.”

“Ku gafarce ni. Ai dokar ba ni na ƙirƙiro ta ba, haka ake yi a duniya duka. Turawa da kansu, in mutum ya rubuta da manyan…”

“Turawan ne suka ba ka nono?”

Ta ci gaba da ɓara, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, tana laluben faranti da yatsa.

“Tashi zaune, ƙirjinka ba na saurayi ba ne. Zagin bai dame ni ba. Na goya ka, ka yi mini fitsari a baya ya fi sau ɗari, ban jefar da kai ba. Wanda ba a koya wa ladabi a gidansu ba, ka ce. To, ni ce gidan, laifin nawa ne, na karɓa. Na yafe maka duniya da lahira.”

“Allah ya ƙara muku lafiya, Maami. Yanzun nan zan mayar da ku zaure, in rubuta ban haƙuri kowa ya gani.”

“Bar ni a waje, an fi samun iska. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Da ka goge, ka san abin da na ce?”

Da ya yi ƙarya, wataƙila da ta fi masa sauƙi. Amma tinƙahon shekara talatin da biyar ba ya mutuwa a yini ɗaya. Ya ce, “Ban karanta ba.”

“Haka Sikiru ya ce, wai kada in yi fushi, ba ka karanta ba ne. Yana nufin ya wanke ka.” Ta kaɗa ɓawon agushi daga zanenta. “Gbadamosi shekara ashirin da shida yana Mogaji. Bai iya rubuta sunansa ba. Amma mace za ta shigo masa tana kururuwa, ɗankwali a hannu, an cinye mata filin miji, ya bar ta ta yi ta ihu har ta gaji, sa'an nan ya maimaita mata abin da ta ce, kalma kalma. Wanda aka zalunta ba ya zuwa da murya mai daɗi, Muraina. Je ka, la'asar ta kusa.”

Ya tashi yana lissafin cewa tun da ta yafe, magana ta koma inda take. Yinin Juma'a ya ɓata shi wajen tsara takardar ban haƙuri mai sakin layi biyar, ya sa a zaure. Mutum biyu suka amsa, ɗaya daga cikinsu ma bisa kuskure.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a tsakar gida, mata suka tuƙa amala, aka kaɗa miyar ewedu, na waje suka biyo ta waya. Muraina ya fito cikin sabuwar babbar riga wadda sitacinta yake ƙara in ya motsa, ya zauna a sahun gaba. Liman ya yi addu'a ga mamaci da masu rai. Aka riƙo Iya Agba aka zaunar, aka kawo mata lasifika, ta ture ta da bayan hannu.

“An ce ina da ihu,” in ji ta.

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka toshe baki da gefen mayafi. Ta yi magana ƙasa ƙasa, har sai da jama'a suka miƙa wuya, na baya suna tambayar na gaba. Ba ta ambaci waya ba, ba ta ambaci zaure ba. Ta ce tana da 'ya'ya biyu a gabanta, ɗaya ya sha nononta, ɗaya bai sha ba. Ɗaya yana da ido, ɗaya yana da kunne. Gida kuwa a yanzu kunne yake bukata. Sa'an nan ta ce, “Sikiru.”

Ba wanda ya tayar da maganar. Muraina ya duba hagu ya duba dama ko wani zai tuna da shekaru da takardun shaida, ya tarar kowa yana kallon Sikiru, wanda ya zube gaban tsohuwa yana hawaye. Da ya tashi, wurin Muraina ya fara zuwa, ya rusuna har ƙasa, domin sarauta ba ta soke girman wa.

“Egbon, yayana, ku yi mini addu'a. Kuma takardar da za a kai fada, wa zai rubuta in ba ku ba? Ni in na rubuta, sai su zaci katako nake talla.”

Aka yi dariya. Muraina bai yi ba, amma bai ƙi ba, domin a duniya babu abin da ya fi ƙarfinsa kamar a ce ga takarda tana neman mai bugawa.

Ranar Litinin da safe ya sauko da tsohuwar tafiretarsa daga kan kabad, ya busa ƙura, ya zura takarda. Ƙa'idar wasiƙar hukuma ita ce a buga sunan wanda aka zaɓa da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafi, a ja masa layi, daidai yadda ya gwada wa nasa sunan. Ya buga. Babu kuskure ko ɗaya, ba a kuwa dawo da ita ba. Iya Tawa, wadda take tsintar wake a bakin ƙofa, ta ce ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: da ya zare takardar, ya riƙe ta da hannu biyu, leɓɓansa suna motsi tun daga adireshi har sa hannu, sa'an nan ya koma farko.

Har yau shi ne mai kula da zauren gidan Alawo, kuma dokokin nan goma sha ɗaya suna nan maƙale a sama, ba wanda ya cire, ba wanda yake bi. Mogaji yakan turo saƙon murya na minti tara, da kukan zarto a bayansa, Muraina kuwa dole ya saurara har ƙarshe, domin shi ne zai mayar da shi rubutu saboda jikokin waje. Yakan je gaishe da Iya Agba ranar Juma'a da ƙafarsa. Amma in baƙo ya zauna da shi ya tambayi yadda kujera ta wuce shi, sai ya gyara tabarau ya ce, shi dai abin da ya sani, da an bi doka ta huɗu da ba a kai ga haka ba. Allah ya raba mu da ilimin da yake tsayawa a ido.